Izinin Aikin Gaggawa ga Ɗaliban Ƙasashen Waje a Amurka: Ƙofa Biyu Ne, Kuma Ba Lokaci Ɗaya Suke Buɗewa Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban tagar ofishin jakadancin Amurka yana neman bizar karatu ya san cewa tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce wa zai ɗauki nauyin karatun. Kafin ma a kai ga wannan taga, makarantar da ta ɗauki ɗalibi ba za ta ba shi takardar I-20 da ake neman bizar da ita ba sai ya nuna mata shaidar kuɗin da za su riƙe shi aƙalla shekarar farko. A kan wannan alkawari aka gina bizar F-1 gaba ɗayanta, wato ɗalibi ya zo karatu ne, kuɗinsa kuma daga gida suke zuwa ko daga tallafin da aka ba shi. Shi ya sa aka taƙaita masa aiki: a cikin harabar makaranta kawai, kuma bai wuce awa 20 a mako ba muddin ana cikin zangon karatu, sai lokacin hutu ne yake iya yin cikakken aiki. Tsarin yana tafiya daidai matuƙar gida na nan yadda aka bar shi. Hidimar da zan yi sharhi a kanta ita ce wadda aka tanada domin ranar da gidan ya rikice, ko dai saboda yaƙi, ko girgizar ƙasa, ko faɗuwar darajar kuɗi.

Na san wannan hidima ne ta fuska biyu, a cikin shekarar karatu guda, a ofishi guda. Ni na nemi izinin aiki ta hanyar da kowane ɗalibi ke iya bi idan ya shiga matsanancin ƙunci, shi kuma abokin zamana, ɗan Sudan da ke shekara ta uku a digirin farko, ya bi ta hanyar sassauci na musamman da ake buɗe wa 'yan wasu ƙasashe, wanda aka fi sani da SSR. Ɗalibai da yawa suna haɗa su wuri ɗaya, har ma suna ba juna shawarar da ba ta dace da halin da mutum yake ciki ba, alhali bambancin da ke tsakaninsu shi ne abu na farko da ya kamata a gane.

Hanya ta farko tsohuwa ce, tana cikin ƙa'idojin bizar F-1, kuma ba ta duba ƙasar da mutum ya fito. Sharuɗɗanta su ne ɗalibi ya cika shekarar karatu ɗaya a matsayinsa na mai riƙe da F-1, sakamakonsa yana da kyau, yana ɗaukar cikakkun darussa, aikin cikin makaranta bai samu ba ko bai isa ba, sannan ƙuncin da ya same shi ya zo ne ba zato, daga abin da ya fi ƙarfinsa. Ƙa'idar ta ambaci misalai da kanta, kamar yankewar tallafi ba da laifin ɗalibi ba, da babban sauyi a farashin canjin kuɗi, da tashin kuɗin makaranta ko na rayuwa fiye da ƙima, da sauyin halin wanda ke ɗaukar nauyinsa, da kuɗin asibiti. Jami'in da makaranta ta naɗa domin harkar ɗaliban ƙasashen waje shi ne ke shigar da shawararsa a SEVIS, rumbun bayanan da gwamnati ke bibiyar ɗalibai da shi tun 2003, ya fitar da sabuwar I-20. Daga nan ɗalibi ya cike fom I-765 ya aika wa USCIS, hukumar da ke kula da shige da fice da zama ɗan ƙasa, ya jira katin izinin aiki. Idan an amince, izinin na shekara ɗaya ne, ana iya sake nema, yana ba da damar aiki a wajen makaranta, amma iyakar awa 20 tana nan ba ta gusa ba.

Hanya ta biyu ba kullum take buɗe ba. Sakataren Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ne ke buɗe ta da sanarwa a gazet ɗin gwamnatin tarayya, inda zai ambaci ƙasar da abin ya shafa, ya dakatar da wasu ƙa'idoji na ɗan lokaci, yawanci wata 18. An fara yin haka a 1998, lokacin da kuɗaɗen wasu ƙasashen Asiya suka durƙushe, aka sassauta wa ɗaliban Indonesiya da Koriya ta Kudu da Malesiya da Tailan da Filifin. Bayan haka aka yi wa Haiti a 2010 sakamakon girgizar ƙasa, da Libiya a 2011, da Siriya a 2012, da Nepal a 2015. A 2021 da 2022 jerin ya yi tsawon da bai taɓa yi ba, ya haɗa da Venezuela da Bama (Myanmar) da Somaliya da Afganistan da Yukren da Kamaru da Habasha da Sudan da Sudan ta Kudu. Abin da sanarwar ke yi abu uku ne: ta ɗage iyakar awa 20, ta ɗage sharaɗin cika shekara ɗaya, ta kuma ba da damar rage darussa ba tare da mutum ya rasa matsayinsa na ɗalibi ba. Mai digirin farko, wanda aka wajabta wa kiredit 12 a zango, wato kimanin darussa huɗu, yana iya saukowa zuwa 6, mai digiri na gaba kuma zuwa 3.

Abokin zamana ya shigo Amurka kafin sanarwar Sudan ta farko da ta fito a Afrilun 2022, amma bai kula da ita ba a lokacin, domin mahaifinsa yana aiko masa da kuɗi a kan kari. A ranar 15 ga Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, kuma cikin 'yan makonni bankunan birnin suka rufe, iyalinsa suka bi hanyar arewa zuwa Masar da abin da hannu zai iya ɗauka. Na ga yadda ya riƙa kwana da waya a hannu yana jiran saƙo ya shiga, na kuma ga ranar da takardar kuɗin zangon kaka ta iso, ya buɗe ta a tsaye a bakin ƙofa, ya ninke, ya sa a aljihu bai ce uffan ba. Duk tsawon hutun bazara ya yi cikakken aiki a ɗakin cin abinci na makaranta, yana wanke tire da tukwane, amma ya san da zarar an koma aji za a mayar da shi awa 20, ga cikakken kuɗin kiredit 12 yana jiransa.

A nan ne hidimar ta nuna mafi kyawun fuskarta. Idan aikin da ɗalibi ke so ya ƙara a cikin harabar makaranta yake, ba ya buƙatar aika komai zuwa ko'ina, ba ya biyan ko sisi. Jami'in makaranta ne ke duba fasfonsa da ranar shigowarsa, ya saurari bayaninsa, ya rubuta 'yan layuka a kan I-20 cewa an amince masa ya wuce awa 20 kuma ya rage darussa a ƙarƙashin sanarwar, ya sa hannu. Abokina ya shiga ofishin da safe da wasiƙarsa mai shafi ɗaya, kafin ƙarshen makon ya kai sabuwar takardar ga mai tsara jadawalin ma'aikata a ɗakin cin abincin, aka ƙara masa awanni. Ban taɓa ganin wani abu da ya shafi shige da fice a ƙasar nan ya tafi da irin wannan sauri ba, kuma dalilin a fili yake, wato an miƙa hukuncin ga mutumin da ya san ɗalibin, yake iya kiransa ya zauna a gabansa.

Amma abin da ya cece shi a gaskiya ba ƙarin awannin ba ne, rage darussan ne, kuma wannan shi ne ɓangaren da ɗalibai suka fi yin watsi da shi idan suna zancen tsarin. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, wato awa 20 tana kawo dala 145 a mako kafin a cire haraji. Jihohi da yawa suna biyan fiye da haka, amma ko an ninka awannin, ladan wanke tukwane ba zai biya kuɗin makarantar ɗalibin waje ba, wanda a jami'o'in gwamnatin jiha yakan ninka na ɗan jiha. Abin da aikin ke iya yi shi ne ya biya haya da abinci da inshorar lafiya. Kuɗin makaranta kuwa sai an rage shi daga tushe, kuma a makarantar da ake caji bisa yawan kiredit, saukowa daga 12 zuwa 6 yana raba babban ɓangaren takardar gida biyu. Ga kuma batun jiki: mutumin da ya tsaya awa talatin da wani abu a mako a gaban injin wanki, hankalinsa rabi yana kan hanyar Wadi Halfa da ke kan iyakar Sudan da Masar, ba zai iya riƙe darussa huɗu ya ci su ba. Da biyu ya iya.

Sai dai rage darussa yana da nasa ƙugiyoyin, kuma ba a cika bayyana su da kyau ba. Gwamnati ta yarda ɗalibi ya sauko, amma ba ta tilasta wa makaranta ta canza nata dokokin ba. Akwai tallafin karatu da aka ɗaure da sharaɗin cikakkun darussa, akwai ɗakunan kwanan ɗalibai da suke da irin wannan sharaɗi, akwai kuma makarantun da ke cajin kuɗi dunƙule, waɗanda ragin ba zai sauko da takardarsu yadda ake zato ba. Bugu da ƙari, duk zangon da aka yi da rabin darussa yana tura ranar kammalawa gaba, wanda ke nufin ƙarin watannin haya da neman tsawaita I-20 kafin ta ƙare. Sannan ba a yarda mutum ya rage darussa kawai ba tare da ya karɓi izinin aikin ba, domin abu ɗaya ne a haɗe. Wanda yake neman aikin wajen makaranta a ƙarƙashin sanarwar dole ya ci gaba da cikakkun darussansa har sai katinsa ya zo hannu. Abokina ya gano wasu daga cikin waɗannan ne bayan ya zagaya ofisoshi uku da ƙafarsa, domin kowane ofishi ya san nasa ɓangaren ne kawai.

Ni labarina ya bi ɗaya ƙofar. A Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin canji ya saki naira, dalar da ake samu a hukumance a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 700 cikin kwanaki, kafin ta wuce 1,500 a farkon 2024. Kuɗin da aka ware mini na shekara biyu suka koma ba su kai na shekara ɗaya ba, ba tare da kowa ya taɓa ko kwabo a cikinsu ba. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka yi wa sanarwa, saboda haka sai hanyar kowa da kowa, wadda ke buƙatar mutum ya tabbatar da talaucinsa da takardu.

Wannan tabbatarwa ita ce mafi ɗacin aikin. An nemi wasiƙa daga gare ni mai bayyana abin da ya faru da dalilin da ya sa ba zan iya hango shi ba tun farko, da lissafin abin da ke shigo mini da abin da ke fita a kowane wata, da bayanan banki, da shaidar yadda farashin canji ya motsa, da wasiƙa daga mai ɗaukar nauyina cewa ba zai iya cika alkawarin da ya sa wa hannu ba. Ta ƙarshen nan ce ta fi ba ni wahala. Mahaifina mutum ne da bai saba furta gazawa ba, balle ya rubuta ta ya sa hannu a aika wa gwamnatin wata ƙasa. Da na kira shi na yi ta kewaye-kewaye, har ya katse ni ya ce, "Kai, faɗi abin da ke bakinka." Na ce, "Baba, so suke ka rubuta cewa kuɗin ba za su isa ba." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To ai ba ƙarya ba ne. Turo mini yadda suke so a rubuta." Na fahimci dalilin da ya sa ake neman shaida, domin da babu ita kowa zai ce yana cikin ƙunci, amma wanda ya tsara fom ɗin bai san nauyin wannan kiran waya ba.

Sai batun kuɗin nema. A lokacin da na aika, kuɗin fom I-765 dala 410 ne, daga 1 ga Afrilun 2024 kuma na takarda ya koma dala 520. A karɓi wannan adadi daga hannun mutumin da ke neman izini saboda ba shi da kuɗi abu ne da ke da wuyar karewa. Akwai fom I-912 na neman a yafe kuɗin, kuma wannan abin yabo ne, sai dai shi ma yana buƙatar nasa shaidun, kuma idan aka ƙi yafewar sai a dawo wa mutum da takardunsa ya sake daga farko. Ɗalibin da ke ƙirga kwanaki yakan ga gara ya ranto ya biya da ya yi cacar. Ni ma rantowa na yi.

Babban raunin wannan ƙofa shi ne jira, kuma ba na ɗora wa wani ma'aikaci laifinsa, domin a cikin ginin tsarin yake. Ba a yarda a fara aiki ba sai kati ya zo, ko da an ga alamar amincewa a shafin intanet, kuma ba a ware wa masu ƙunci wani layi na daban ba, takardarsu tana shiga jerin sauran masu neman izinin aiki ne. Tun 2023 aka ba ɗaliban da ke neman izinin horon aiki na OPT damar biyan ƙarin kuɗi a gaggauta musu amsa, amma ba a haɗa da masu neman izinin ƙunci ba. Ana iya rubuta roƙon a hanzarta, amma roƙo ne, ba haƙƙi ba. Sakamakon shi ne abin da ake kira na gaggawa yana tafiya da takun yau da kullum. Na aika takarduna ganyen bishiyoyi na fara canza launi, katin ya iso ana share ƙanƙara a bakin ƙofa. A tsakanin nan na sayar da kekena, na koma cin abinci sau biyu, na kuma san hanyar rumbun abincin kyauta da makaranta ke da shi a ƙasan wani gini, inda na tarar da fuskokin da ban taɓa zaton zan gani a wurin ba. Wannan jira ɗaya ne ga ɗan ƙasar da aka yi wa sanarwa idan aikin waje yake nema, domin shi ma fom I-765 zai cike. Saurin da na yaba a sama na cikin harabar makaranta ne kaɗai, kuma guraben aikin harabar suna da iyaka, musamman a ƙananan makarantu.

Watannin jiran nan su ne lokacin da ake jarabtar mutum. Kowane ɗalibin waje ya san wani wanda ya san wani mai gidan mai ko gidan abinci da ke biya a hannu ba tambaya, ko mai ba da hayar asusunsa na manhajar kai saƙo. An yi mini tayin har sau biyu, da kyakkyawar niyya. Abin da masu tayin ba su faɗa shi ne hukuncin: aiki ba izini yana sa a rufe rajistar ɗalibi a SEVIS, kuma yana cikin 'yan laifukan da ke hana a maido wa mutum matsayinsa daga cikin ƙasar, alhali wanda ya yi kuskuren rage darasi yana iya neman gyara. Ga ɗan ƙasar da ake yaƙi kuwa, gaba kura ne baya sayaki, tunda gidan da za a ce ya koma babu shi. Tsarin da ke barin mutum watanni ba kuɗi ba izini yana tura shi ne kusa da ramin da ake gargaɗinsa da shi.

Da katin ya zo, na ga alherinsa, kuma ya kamata a faɗa. Ba a ɗaure aikin da fannin karatu ba, saɓanin izinin horon aiki, saboda haka na samu gurbi a wani kantin kayan gini cikin mako biyu. Ba a cire watannin da aka yi daga wata 12 na OPT da ɗalibi ke da su bayan kammalawa. Mai F-1 a shekarunsa biyar na farko ba a cirar masa harajin fansho da na lafiyar tsofaffi daga albashin da ya samu bisa izini, ko da yake sai da na nuna wa mai biyan albashi wannan da kaina kafin ya gyara. A ɗaya gefen kuma, izinin yana mutuwa idan ɗalibi ya canza makaranta, wanda ke nufin mai tunanin komawa makaranta mai rahusa sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu. Matar ɗalibi ko mijin ɗaliba da ke kan bizar F-2 ba su da rabo a ko wace ƙofa, ba a yarda su yi aiki ba ko da gidan zai kwana da yunwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake zaɓar waɗanda za a buɗe wa ƙofa ta biyu. Sunan ƙasa ne ke yanke hukunci, ba girman asarar mutum ba. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 ɗaliban ƙasashen waje a Amurka sun haura miliyan 1.1, kimanin 20,000 daga cikinsu 'yan Najeriya ne, kuma kuɗinsu ya rasa fiye da rabin darajarsa cikin ƙasa da shekara, irin abin da ya sa aka ƙirƙiro sassaucin tun asali a 1998. Ba a yi musu sanarwa ba. Ɗaliban Nijar ma ba su samu ba bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da takunkumin ECOWAS ya toshe hanyoyin aika kuɗi. Ba ina cewa halinmu ɗaya da na wanda aka jefa wa unguwarsu bam ba ne, kuma da za a ce in zaɓi wanda za a fara taimaka wa, abokina zan nuna. Abin da nake cewa shi ne a 'yan shekarun nan sanarwar ɗalibai takan fito ne tare da shirin kariya na wucin gadi da ke hana a mayar da 'yan wata ƙasa gida, TPS, saboda haka ta zama jelar wata shawara ta siyasa, ba amsa ga halin da ɗalibai ke ciki ba.

Ko a cikin ƙasar da aka ambata ma akwai layin da ke raba mutane. Sanarwar tana amfanar wanda yake cikin Amurka a kan F-1 a ranar da ta ƙayyade ne kawai. Wani ɗan Sudan da muke salla tare ya iso bayan ranar sanarwar farko, saboda haka watannin farkon yaƙin sun same shi a waje da ita, har sai da aka fitar da sabuwa a Agustan 2023, wadda ta kai zuwa Afrilun 2025. Hujjar wannan layi ita ce wanda ya zo bayan rikici ya fara ya riga ya nuna shaidar kuɗi da saninsa. Hujja ce mai ma'ana a takarda, amma rikici ba ya tsayawa a inda ya fara, yakan ci abin da ya rage a hankali. Haka kuma sabunta sanarwa ba tabbas ba ne. A 2025 gwamnati ta soke kariyar wucin gadi ta Afganistan da Kamaru, sanarwar ɗalibansu kuma ta ƙare ba a sabunta ba, wanda ke nufin duk mai dogaro da ita ya koma cikakkun darussa da awa 20. Ɗalibin da zai tsara karatunsa a kan wannan sassauci ya tsara shi zango-zango, yana duba gazet ɗin ko shafin Study in the States na ma'aikatar kafin kowace rajista.

Tun da komai ta hannun ofishin ɗaliban ƙasashen waje yake bi, ingancin hidimar ya dogara ƙwarai da wanda aka tarar a kan kujera. A makarantarmu na ga biyun. Ranar da na fara zuwa, ɗalibin da ke zaune a teburin karɓar baƙi ya ce mini ba a yin aikin waje a kan F-1 sai na horo, ya miƙo mini takardar bayanin guraben harabar makaranta. Da na yarda da shi da shike nan. Sai da na koma da lambar ƙa'idar a rubuce na nemi ganin jami'i, aka ba ni rana bayan mako biyu, domin farkon zango ne, sababbin ɗalibai sun cika wurin. Jami'in da na gani kuwa ya san aikinsa. Ya karanta wasiƙata a gabana, ya ja layi a ƙarƙashin sakin layi guda ya ce in cire labarin damuwa in sa lambobi, domin mai duba takardar yana neman abu biyu ne, wato me ya canza kuma yaushe. Shi ne kuma ya sanar da ni abubuwan da ba su shafi biza ba sam, irin su ƙaramin asusun gaggawa na makaranta da damar biyan kuɗin zango kashi-kashi, waɗanda suka riƙe ni har katin ya zo. Abin da ofishin ya gaza yi shi ne neman mutanensa. Yana da jerin ɗalibai da ƙasashensu a kwamfuta, amma abokina daga bakin wani ɗan ƙasarsu a wata jiha ya ji labarin sanarwar. Saƙon imel guda ga 'yan ƙasar da abin ya shafa a makon da yaƙi ya ɓarke ba zai ci wa kowa komai ba.

Ga wanda ƙasarsa ke cikin sanarwa mai aiki kuma yana da gurbi a harabar makaranta, ina ba shi shawarar ya je a makon da ya gane kuɗi ba za su zo ba, ya tambayi ofishin kuɗi da na tallafi tasirin rage darussa kafin ya sauke ko ɗaya. Ga mai bin hanyar kowa da kowa, ya aika tun yana da abin da zai riƙe shi zango guda, kada ya jira asusu ya bushe, domin lissafin da ke nuna cewa kuɗin ba za su kai ƙarshen shekara ba shi ma shaida ne. Mai son sabuntawa kuma ya fara watanni kafin katin ya ƙare, tunda ranar da ya ƙare aiki ya tsaya, ko da sabuwar takarda tana kan hanya.

Ni ban sabunta nawa ba, domin kafin ya cika shekara sashenmu ya ba ni aikin taimaka wa malami, wanda ya zo da ragin kuɗin makaranta. Abokina ya koma ofishin a Oktoban 2023 aka sake rubuta masa layukan a kan sabuwar I-20 bisa sanarwa ta biyu, ya yi zango biyu da rabin darussa, sannan ya koma cikakku da wani kawunsa a Saudiyya ya fara aiko da abin da ya sawwaƙa. Kammalawarsa ta ja da shekara guda. Har na bar gidan, ranar ƙarewar sanarwar tana rubuce da jan biro a wata 'yar takarda da ya manna a ƙofar firij, a ƙarƙashin jadawalin aikinsa na mako.